Jakar ruwan tsilar kare a hanta: abin da hoton ciki yake faɗa wa likita kafin ya ɗauki wuƙa

Duk mahaucin da ya daɗe a kwata ya san ta. Za a farke rago ko raƙumi, a ciro huhu da hanta, sai a ga wani farin ƙullutu ya turo daga cikin naman, in aka ɗosana masa bakin wuƙa ruwa garau ya tsarto. Ba mai sayen irin wannan, don haka a yanke wurin a wurgar, karnukan da ke raɓe a bakin magudana su yi wawa. Da wannan wurgin cutar take samun tsawon rai.

Ƙullutun gidan 'ya'yan wata tsila ce da masana ke kira Echinococcus granulosus. Uwar ba ta zama a cikin mutum ko dabbar kiwo, a hanjin kare take zama, kuma tsawonta bai wuce milimita 2 zuwa 7 ba, shi ya sa kare zai iya ɗauke da dubbai yana ta wasansa lafiya lau. Ƙwayayenta suna fita a kashin kare, su manne a gashinsa, su watsu a ciyawa da ƙasa da bakin rijiya. Tunkiya ta kiwata ta haɗiye, ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanjinta, ɗan tayin ya huda bango ya bi jini, ya maƙale a hanta ko huhu, ya fara gina jakar ruwa. Ranar da aka yanka tunkiyar aka ba kare wannan jakar, cikin makonni biyar zuwa bakwai sabbin tsiloli sun fara zuba ƙwai.

Mutum ya faɗo cikin wannan zagaye ne bisa tsautsayi, ta hanyar da tunkiya ta bi: yaro ya shafa kare ya sa hannu a baki, ko a ci ganyen da ba a wanke ba, ko a sha ruwan da ƙwai ya faɗa. A nan mutane da yawa suke rikicewa. Cin naman da ke da jakar ba ya sa wa mutum wannan cuta. Tsilar da muka saba ji, wadda ake ɗauka daga naman sa da bai dahu ba, a hanji take zama tana sakin gaɓoɓi, ba ta gina jaka a hantar mutum. Ta kare kuwa, daga ƙwai ake ɗaukarta, kuma a jikinmu jaka kawai take zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum fiye da miliyan 1 ne ke ɗauke da cutar. Kimanin kashi 70 cikin 100 na jakunkunan a hanta suke, kimanin kashi 20 a huhu, ragowar a saifa, ƙoda, ƙashi, ƙwaƙwalwa.

Ba ta gaggawa. Wata takan ƙaru da milimita ɗaya a shekara, wata santimita biyar, wata ta tsaya cik. Yaron da ya haɗiyi ƙwan yana ɗan shekara bakwai yana iya yin aure ya haifi 'ya'ya kafin ya fara jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Kafin zuwan na'urar hoton ciki, wadda a asibitocinmu ake ce wa sikanin, galibi sai ciki ya kumbura, ko ido ya yi ɗorawa saboda jakar ta danne hanyar maɗaciya, ko ta fashe, sannan a sani. Magani kuma ɗaya ne tal, a shiga tiyata.

Yadda na'urar take gani ba wani sihiri ba ne. Kan na'urar da ake ɗorawa a fata yana aika sauti mai tsananin siranta, wanda kunne ba ya ji. Kunnen mutum yana tsayawa ne a girgiza 20,000 cikin daƙiƙa, na duba ciki kuwa yana aiki da miliyan 2 zuwa 5. Sautin yana ratsa nama da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, duk inda ya tarar da iyaka tsakanin abu biyu mabambanta sai wani ɓangarensa ya dawo, na'ura ta lissafa lokacin da ya ɗauka ta zana ɗigo a allo. Ruwa tsantsa ba ya maido da komai, sai ya fito baƙi wuluk. Naman hanta ya fito toka-toka. Abu mai tauri ya fito fari tas, da inuwa baƙa a bayansa, don sautin bai wuce ba. Iska ita ce babbar abokiyar gabarsa, shi ya sa ake lafta wannan man mai sanyi da yauƙi a ciki, don kada iska ta shiga tsakanin fata da kan na'ura.

To jakar wannan tsila kamar don sikanin aka yi ta: ruwa ne a cikin bango, zaune a tsakiyar hanta. Kuma bangon nata hawa-hawa ne. Can ciki akwai wata siririyar fata mai rai, ita ke haifar da dubban ƙananan kawunan tsila. A bayanta akwai fari mai kauri da tsutsar ta saƙa don kare kanta. A waje kuma akwai tabon da hantar mutum ta kewaye baƙon da shi. Yayin da jakar take girma, ta tsufa, ta mutu, waɗannan hawa suna canza kama, kuma kowane canji yana bayyana a allo.

Wanda ya fara tsara wannan karatu ya karɓu likitan hoto ne ɗan Tunisiya, Hassen Gharbi, a shekarar 1981, inda shi da abokan aikinsa suka kasa jakunkunan hanta gida biyar. Ba mamaki daga can abin ya fito, ƙasar tumaki ce da cutar ta yi wa katutu. A 2003 rukunin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sake fasalin rabon, ya jera shi bisa rayuwar jakar, daga CE1 zuwa CE5 (CE taƙaitaccen sunan cutar ne a likitance). Wannan jerin shi ne zuciyar maganar, don haka bari mu bi shi a hankali.

CE1 matashiya ce mai jini a jika. A allo za ka ga da'ira baƙa, zagayayya, ɗaki ɗaya. In aka ƙura ido a bakinta, ana ganin layi biyu farare a jere da siririn baƙi a tsakani: bangon tsutsa da tabon hanta. Wannan layi biyun shi ke raba ta da jakar ruwa ta banza da ake haifar mutane da yawa da ita a hanta, wadda ba ta cutar da kowa. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi. Mai duba ya ce wa majinyaci, "Malam, ɗan juya ta hagu," yana riƙe da kan na'ura a wurin. In akwai kawunan tsila da suka kwanta a ƙasan jakar, sai su tashi, a ga fararen ɗigo suna shawagi a cikin baƙin ruwa suna sauka sannu a hankali. Likitoci suna ce masa yashin jaka.

CE2 ita ce wadda ta haihu a cikin kanta. Uwar ta cika da 'yan jakunkuna, kowace da nata bango da nata ruwa, hoton ya zama ɗaki-ɗaki, abin da a littattafan likitanci ake kamantawa da saƙar zuma. Ita ma da ranta, kuma taurin kanta ya fi na farko.

CE3 gida biyu ce, kuma raba su da aka yi daga baya ya fi komai amfani a cikin jerin. A CE3a bangon ciki ya saɓule daga tabon hanta, ya yi laushi, yana lilo a cikin ruwa a naɗe. Wannan ake kira alamar bado. Jaka ce da ta fara karaya, ko don kanta, ko don magani ya taɓa ta. CE3b kuwa ciki ya riga ya daskare ya zama dunƙule, amma ga 'yan jakunkuna baƙaƙe nan da can a cikin dunƙulen. Da ido za a ɗauka ta kusa mutuwa. Gwaje-gwaje sun nuna akasin haka: yawancinsu da ransu, kuma sau tari tsohuwar jaka ce da ta farfaɗo.

CE4 ba 'ya'ya a cikinta, sai tarkacen bango da ya murɗe, fari da baƙi a cakuɗe, shi ake kira curin zare. CE5 bangonta ya ƙandare da alli, ya fito farin baka da inuwa a baya. Waɗannan biyun sun daina aiki.

Me ya sa wannan duka yake da muhimmanci? Saboda a yau hanyoyin magani huɗu ne, kuma hoton ne yake zaɓa. Matsayar da masana suka cimma a 2010 ta ce CE1 ko CE3a da ba ta kai santimita 5 ba, ana iya gwada ƙwayar albendazole, maganin tsutsa, kaɗai, kullum, wata uku zuwa shida, ana sha da abinci mai maiƙo don ya shiga jini sosai, ana kuma auna lafiyar hanta da yawan jini a kai a kai. Ba a ba mai ƙaramin ciki. Wadda ta wuce santimita 5 a cikin waɗannan biyun, ana iya zuƙe ta da allura. CE2 da CE3b ƙwaya ba ta cika gamawa da su ba, allura ma ba za ta bi ɗaki-ɗaki ta huda duka ba, sai a tafi tiyata, ko a sa bututu mai faɗi a kwashe komai. CE4 da CE5 da ba sa damun mai su, a ƙyale su, a riƙa leƙawa da sikanin lokaci-lokaci.

Wannan na ƙarshe shi ne mai wuyar haɗiya, ga majinyaci da likita baki ɗaya. Mutum ya biya kuɗin hoto, an ce masa akwai abu a hantarsa, sannan a ce ya koma gida ba ƙwaya ba allura? Dangi za su ce likitan bai san aiki ba, a tafi wani asibiti, a can kuwa ba a rasa wanda zai yarda ya yanka. Amma a cibiyar Pavia ta Italiya, inda aka daɗe ana bin masu wannan cuta, an bi mutanen da jakarsu ta mutu don kanta shekara da shekaru, kusan dukansu ba abin da ya motsa. Tiyatar hanta kuwa ba wasa ba ce, akwai zubar jini, akwai yoyon ruwan maɗaciya da kan ɗauki makonni, akwai kuɗin da zai cinye garke. A ganina babbar kyautar da sikanin ya yi wa masu wannan cuta ita ce tiyatar da ya hana. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya: jakar da magani ya kai ta CE4 ba ɗaya take da wadda ta kai kanta ba, ta farkon tana iya komawa CE3b, don haka ana bin ta aƙalla shekara biyar.

Maganar allura kuwa, tarihinta abin lura ne. An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa haramun ne a huda wannan jaka, saboda dalili biyu masu ƙarfi. Ruwan yana iya sa jiki ya yi mummunan bore nan take, jini ya faɗi, numfashi ya sarƙe. Sannan kowane kan tsila da ya zube a ciki yana iya zama sabuwar jaka, a wayi gari an shuka goma a madadin ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 likitoci a Tunisiya, sannan a Italiya, suka karya wannan doka da gangan, sun dogara da cewa yanzu suna ganin bakin allurar a allo. Hanyar ana kiranta PAIR, mataki huɗu ce. A soka allura ta cikin lafiyayyen naman hanta, don naman ya toshe hudar bayan an zare. A zuƙe ruwan. A zuba abin da zai kashe kawunan, ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 20 ko sinadarin itanol mai kashi 95, a bar shi kamar minti 15. A sake zuƙewa. Ana fara albendazole kafin aikin, a ci gaba wata guda bayansa. Wani nazari na 2011 da ya tattara irin wannan aiki 5,943 ya samu cewa boren jiki mai kisa ya faru a kashi 0.03 cikin 100. Haɗarin gaskiya ne, shi ya sa ba a yin aikin sai da kayan farfaɗo da mutum a gefen gado, amma bai kai yadda aka tsorata ba.

Kafin a zuba komai, ana duba launin ruwan da aka zuƙo. In garau ne, madalla. In ya yi ruwan ɗorawa, jakar ta haɗe da hanyar maɗaciya ke nan, kuma duk abin da aka zuba zai bi ta can ya ƙone hanyoyin, illar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. A nan sai a dakata.

Na'urar tana da iyakarta. Huhu iska ne, sauti ba ya ratsa shi, jakar huhu sai hoton ƙirji ko siti-sikan, wato babbar na'urar hoton jiki ta CT, kuma ba a yi mata allura. Ƙoƙon kai ma ya tare hanya. Wannan ya shafi wata 'yar uwar cutar, wadda tsilar alade ke jawowa: sikanin yana iya nuna 'yar jakarta a tsoka ko a ido, da farin ɗigo ɗaya a ciki, amma waɗanda suka zauna a ƙwaƙwalwa suna haddasa farfaɗiya sai manyan na'urori. A hanta kuwa abin ya juya. Masu bincike a Heidelberg ta Jamus sun nuna cewa siti-sikan, duk tsadarsa, bai kai sikanin iya bambance matakan jakar ba.

Gwajin jini ma ba ya maye gurbinsa. Ƙaramar CE1 da ke rufe ruf, jiki bai ma san da ita ba, sai gwajin ya ce ba komai. Tsohuwar CE5 ma haka. Wanda aka yi wa aiki ya warke kuma, jininsa yana iya ci gaba da nuna alama shekaru. An ga wannan ƙarara a Turkana, arewa maso yammacin Kenya, yankin makiyaya da yake cikin wuraren da cutar ta fi tsanani a duniya, inda karnuka suke kwana a gida tare da mata da yara. A 1987 Calum Macpherson da abokan aikinsa suka buga sakamakon zagayen da suka yi da na'urar tafi-da-gidanka: cikin makiyaya 3,553, an ga jaka a cikin 198. Cikin 2,644 da aka yi wa gwaji biyun, hoto ya kama 174, jini ya kama 76 kawai. Ga kuma wani abu da lissafi ba ya nunawa: mutumin da zai ƙi a ɗebi jininsa yakan kwanta a duba shi, har ya ɗago kai ya kalli allon da idonsa.

Tun daga nan, duk inda aka fita da na'ura ƙauye, abin da ake samu ya fi abin da ke rubuce a rajistar asibiti. Tsakanin 2014 da 2015 an duba kusan mutum 25,000 a karkarar Bulgeriya, Romaniya da Turkiyya, aka samu kimanin mutum 4 zuwa 6 a cikin kowane 1,000, da yawansu ba su san suna ɗauke da komai ba. A lardin Río Negro na Ajantina an mai da abin al'ada tun 1997: ana duba 'yan makaranta masu shekara 6 zuwa 14, kuma likitocin karkara ne ke yi, bayan ɗan gajeren horo a kan wannan cuta kaɗai. Akwai hikima a zaɓen yara. Jaka a hantar dattijo labarin shekara talatin da suka wuce take bayarwa, jaka a hantar ɗan shekara takwas kuwa shaida ce cewa karnukan garin suna zuba ƙwai yanzu. A can adadin ya sauko daga kashi 5.6 cikin 100 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa 0.3 a 2008, bayan an dage da ba karnuka maganin praziquantel da hana su kayan ciki.

Mu a namu ɓangaren, alamar tana kwata. Tun shekarun 1970 likitocin dabbobi suke ba da rahoton waɗannan jakunkuna a mayankan Kano, Sakkwato da Maiduguri, musamman a huhun raƙuma. A Sudan ma raƙumi ne babban mai ɗauke da ita. Nau'in tsilar da ya fi bin raƙuma ba shi ne kan gaba wajen kama mutane ba, don kusan kashi 88 cikin 100 na jakunkunan mutane da aka tantance a duniya nau'in tumaki ne. Amma yana kamawa, kuma sauran kayan haɗin duk muna da su: yanka a gida da bakin kasuwa ba likitan dabbobi, karnukan farauta da na kiwo da na bola, ga ranar layya da kayan ciki ke yawa a kowane lungu. A Maroko da Tunisiya, lokacin babbar salla ne ake ƙara jan kunnen jama'a a kan kada a jefa wa kare hanta ko huhu mai ƙullutu. A binne shi da zurfi, ko a ƙone.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗakin sikanin kansa. Na'urori sun yawaita a garuruwanmu, amma yawancin masu riƙe da su idonsu a kan juna biyu ya saba. In aka ga baƙar da'ira a hanta, abin da ke fara zuwa rai shi ne ƙurjin hanta irin na ƙwayar atini, wanda maganinsa kan haɗa da zuƙe mugunya da allura. A yi wa CE1 haka, ba albendazole, ba shirin farfaɗowa, shi ne ainihin abin da tsofaffin malamai suke gudu. Ta ɗaya gefen, CE4 tana kama da ƙari, a tsorata mutum da maganar daji a kan jakar da ta mutu tun yana saurayi. Tambaya biyu suna rage wannan kuskure ƙwarai: "Baba, kuna kiwo? Akwai karnuka a gidan?" Bayan su sai a nemi layi biyun, a juya majinyaci a ga ko yashi zai tashi.

Takardar sakamako da aka rubuta "akwai jakar ruwa a hanta" kawai ba ta gama aikinta ba. Likitan da za a kai wa yana buƙatar ya ga mataki, CE nawa. Faɗinta da santimita. A wane sashe na hanta take. Guda nawa ne. Tana kusa da manyan hanyoyin maɗaciya ko a'a. Da hoton da aka buga, don wanda zai sake dubawa bayan wata shida ya samu abin da zai gwada da shi. In an tabbatar da ita a mutum ɗaya, sai a yi masa hoton ƙirji, a kuma kira sauran mutanen gidan su ma a duba su, domin kare ɗaya suka shafa.